GC-MS, LC-MS/MS, ICP-MS ko HRMS: Wace Na'ura Ɗalibin Binciken Gubar Abinci Zai Fara Koya da Hannunsa?

Ɗalibin da ya samu gurbin horo na wata uku ko shida a ɗakin gwaje-gwajen jami'a yakan tarar da na'urori biyu zuwa huɗu, kowace sunanta yana ɗauke da haruffan MS, wato ma'aunin nauyin ƙwayoyin sinadarai. Ransa yakan raya masa ya taɓa kowace kaɗan. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Wanda ya raba wata uku tsakanin na'urori huɗu yakan fita ya san inda maɓallin kunnawa yake a kowace, amma ba zai iya kare sakamako ko ɗaya a gaban mai jarrabawa ba.

A gindi aikinsu ɗaya ne. Ana ɗora wa ƙwayar sinadari cajin lantarki ta zama ayon, a tura ta cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, a raba ta da sauran bisa nauyinta a kan cajinta, wato lambar da ake rubutawa m/z, sannan a ƙirga. Bambancin yana wuri biyu: yadda samfuri yake shiga, da yadda ake tantance ayon ɗin. Daga nan ne komai ya rabu, har da irin kuskuren da sabon hannu zai yi.

## Abin da za a auna su da shi

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne irin gubar da bincikenka ya dosa. Dalma a cikin garin hatsi ba ta ganuwa da LC-MS/MS komai tsadarta, haka aflatoksin, wato gubar da funfuna take fitarwa, ba ya ganuwa da ICP-MS, domin wutar wannan na'ura tana tarwatsa shi ya koma kabon da oksijin.

Na biyu kuɗi. Ba ɗalibi ne zai sayi na'ura ba, amma tsadar tafiyar da ita ce take yanke hukuncin ko za a bar shi ya taɓa ta. Inda kowace awa take cin gas mai tsada, ko kwangilar gyara ta hana buɗe na'ura, horo yakan koma kallo.

Na uku juriya, kuma tana da fuska biyu: yadda na'urar take jure samfuri mai datti da hannun ɗan koyo, da kuma yadda ƙwarewar da aka samu za ta ci gaba da amfani bayan an bar wannan ɗakin.

Na huɗu sauƙin koyo. Na biyar haɗari, ga jikin mai aiki, ga na'urar, da kuma ga sakamako. Na ƙarshen nan shi ne aka fi rainawa, alhali lamba ta ƙarya mai kama da gaskiya ta fi na'urar da ta tsaya cak ɓarna.

## GC-MS

Wannan ita ce ta sinadaran da suke iya zama tururi ba tare da sun lalace ba: tsofaffin magungunan ƙwari masu kulorin irin su DDT da lindan da endosulfan, dangin fairetiroid, sinadaran PAH da suke samuwa a abincin da aka ƙyafe ko ya ƙone, sinadaran masana'antu na PCB, da sinadaran da suke tsatsowa daga robar ƙunshi. Yawancin waɗannan ba sa karɓar caji da kyau a LC-MS/MS, saboda haka GC, wato rarrabe sinadarai da iskar gas, ba tsohon yayi ba ce kamar yadda wasu ɗalibai suke ɗauka.

Tsarin da aka saba shi ne kolum, wato siririn bututun da yake rarrabe sinadaran samfuri, mai tsawon mita 30, faɗin ciki milimita 0.25, iskar hiliyam mai tsabtar kashi 99.999 cikin 100 tana gudu kusan mililita 1 a minti, mashigar samfuri a kan digiri 250, a yi allurar maikirolita 1. Ana farfasa ƙwayoyin da ilektiron mai ƙarfin 70 eV, kuma domin kusan kowace na'urar GC-MS wannan ƙarfin take amfani da shi, tsarin ɓaraguzan da ya fito yana dacewa da taskar bayanai ta NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka. Wannan babbar fa'ida ce ga ɗan koyo: yana ganin sunan da kwamfuta ta ba shi, yana kuma iya zama ya bi ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya ya gane dalili.

A wajen koyar da gyara babu kamarta, domin tana faɗin ciwonta da lambobi. In ka ga m/z 28 da 32 sun tashi, iska tana shiga ta wani wuri, galibi ta goron da ya riƙe kolum. In 18 ce, akwai danshi, ba a bar famfo ya gama aikinsa ba. In 207 da 281 suka cika ƙasan jadawali, rufin cikin kolum ne yake zuba, ko ɓarɓashin robar mashiga ya faɗa ciki. In 149 ta bayyana a ko'ina, roba ta taɓa samfurinka. Ana daidaita na'urar da sinadarin PFTBA a duba 69 da 219 da 502, kuma idan 502 ta fara raguwa fiye da sauran, lokacin wanke tukunyar ayon ya yi. DDT kuma yana da wata ɗabi'a mai amfani: in bututun gilashin mashiga ya yi datti, yana rushewa ya koma DDE da DDD, sai ɗalibi ya rubuta cewa samfurinsa yana da abin da na'urarsa ce ta ƙirƙira.

GC-MS mai matattara ɗaya, wato sashe ɗaya mai tace ayon bisa nauyi, ita ce mafi araha cikin huɗun, saye da tafiyarwa. Abin da yake ci mata kuɗi shi ne hiliyam, wanda farashinsa yake hawa kuma wani lokaci ya yi ƙaranci. Wasu ɗakunan sun koma haidirojin, amma wannan yana kama wuta, kuma yana sauya tsarin ɓaraguzan wasu sinadarai. Na'ura ce mai ƙarko, kuma yawancin gyaranta na hannu ne: sauya robar mashiga bayan allura kusan ɗari, sauya bututun gilashi, yanke santimita 20 zuwa 30 daga bakin kolum. Kuskuren da yake kashe kolum shi ne ɗumama shi babu gas a ciki, ko da iskar oksijin tana shiga.

Iyakarta a fili take. A samfuri mai mai ko mai kayan ƙamshi, mai matattara ɗaya ba ta cika kai wa ga 0.01 mg/kg da tabbaci ba, wato iyakar da Tarayyar Turai take ɗorawa kan maganin ƙwarin da ba shi da keɓaɓɓiyar iyaka. Don haka ɗakunan sa ido sun koma GC-MS/MS. Wanda ya iya ta farko, ta biyun ba za ta ba shi wuya ba.

## LC-MS/MS

Nan ne ya kamata a daɗe, domin wannan na'ura, mai rarrabe sinadarai cikin ruwa maimakon gas, ita ce take ɗaukar mafi yawan aikin binciken gubar abinci a yau. Gubobin funfuna, yawancin magungunan ƙwari na zamani, ragowar magungunan dabbobi a nama da madara da zuma, akirilamaid, melamin, gubobin kifi da na dabbobin ruwa masu ɓawo, duk ta nan suke bi. Tushenta abu biyu ne: feshin lantarki na ESI, wanda John Fenn ya samu kyautar Nobel a kansa a 2002, da matattara uku a jere, wadda Richard Yost da Christie Enke suka ƙirƙiro a Jami'ar Jihar Michigan a ƙarshen shekarun 1970. Matattara ta farko tana zaɓar ayon ɗin da kake nema, ta biyu tana farfasa shi da gas, ta uku tana zaɓar ɓaraguzan da ka ambata. Ga aflatoksin B1, ana zaɓar 313, a nemi 285 da 241. Ga akirilamaid, wanda masu bincike a Suwidin suka sanar da samuwarsa a soyayyen abinci a 2002, 72 zuwa 55. Ga melamin, wanda ya gurɓata madarar jarirai a Sin a 2008, 127 zuwa 85.

Sai dai kashi mafi girma na abin da za ka koya ba a gaban allon kwamfuta yake ba, a kan benci yake. Hanyar QuEChERS, wadda Michelangelo Anastassiades da Steven Lehotay da abokan aikinsu suka fitar a 2003, ita ce matakin farko ga magungunan ƙwari. A auna giram 10 na niƙaƙƙen samfuri a bututun mililita 50, a zuba mililita 10 na asitonaitiril, a girgiza minti ɗaya, a ƙara giram 4 na maganiziyam salfet da giram 1 na gishiri, a sake girgizawa nan take, a juya a injin tacewa. In aka yi jinkirin girgizawa, maganiziyam salfet yana curewa ya kama wani ɓangare na samfurin. In samfurin busasshe ne kamar gari, sai an fara jiƙa shi da ruwa, in ba haka ba asitonaitiril ba zai ratsa shi ba. Daga nan a ɗebi mililita 1 a tsabtace da miligiram 150 na maganiziyam salfet da miligiram 25 na PSA, wani gari mai kama tarkacen abinci. Ga ganye mai kauri ana ƙara baƙin kabon na GCB don cire launi, amma shi ma yana haɗiye magunguna masu shimfiɗaɗɗiyar ƙwaya irin su tiyabendazol da kulorotalonil. Gilaifoset kuwa ba ya fitowa ta wannan hanya ko kaɗan, hanyarsa daban ce.

Ga gubar funfuna, hanyar da ta yaɗu ita ce giram 5 na gari cikin mililita 20 na gaurayen asitonaitiril da ruwa da asid na asetik, kashi 79 da 20 da 1, a girgiza, a tsarma, a yi allura. Inda ake son tsabta sosai ana bi ta ƙaramin kolum mai garkuwar da take kama aflatoksin kaɗai. A nan akwai wani abin da horo da yawa yake tsallakewa. Aflatoksin ba ya bazuwa daidai cikin buhu. Ƙwaya ɗaya mai funfuna cikin dubbai tana iya ɗauke da kusan dukkan gubar, shi ya sa ƙa'idojin Turai suke neman a tara samfurin gyaɗa har kilo 20 daga babban kaya kafin a niƙa. Wanda ya ɗebi tafin hannu ɗaya daga saman buhu, na'urar da ta fi kowace tsada ba za ta gyara masa ba.

Babbar cutar LC-MS/MS ita ce danne sigina. Tarkacen abinci da ya fito daga kolum lokaci ɗaya da sinadarinka yana ƙwace masa caji a wajen feshi, sai na'ura ta nuna rabin abin da yake ciki, ba tare da wata alamar gargaɗi ba. Tsinin da sinadarin ya zana a jadawali yana da kyau, lokacin fitowarsa daidai, lambar ce kawai ƙarya. Maganinta uku: a haɗa jerin ma'auni cikin ruwan samfurin da aka tabbatar ba shi da gubar, ko a zuba tagwayen sinadarin mai ɗauke da kabon-13 tun farko, ko a tsarma samfurin sau biyar ko goma in ƙarfin na'ura ya bari. Na biyun ya fi inganci, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Duk horon da bai sa ka auna girman wannan danniya da hannunka ba, ta hanyar gwada layin ma'auni na ruwa zalla da na cikin ruwan samfuri, bai koya maka na'urar ba.

Sauran kurakuran sabon hannu sanannu ne. Zuba gishirin fosfet a ruwan da yake tura samfuri cikin kolum, alhali gishirin ba ya tashi da zafi sai ya toshe bakin na'ura. Abin da ake amfani da shi shi ne asid na fomik kashi 0.1 cikin 100 da amoniyam fomet. Wanke kwalabe da sabulu, sai jerin tsini masu tazarar 44 su mamaye komai. Mantawa da tace samfuri ta matatar maikiromita 0.22, sai matsin kolum ya hau. Cusa sinadarai da yawa a tagar lokaci ɗaya har kowane tsini ya rasa ɗigo goma sha biyu da ake buƙata don auna shi da kyau. Ruwa ba ya tsami banza: in sigina ta faɗi, a fara da allurar ma'auni zalla, a duba feshi, a duba bakin shiga, kafin a kira injiniya.

Kuɗinta ya ninka na GC-MS mai matattara ɗaya sau da dama, kuma tana buƙatar injin samar da naitirojin, ruwan sinadarai masu tsabta ta musamman, da wutar da ba ta yankewa. Yankewar wuta kwatsam tana cutar da famfon turbo, sannan dawo da zuƙewar iska yakan ci yini ko kwana. Game da lafiya, aflatoksin B1 yana rukuni na 1 na masu haddasa sankara a jerin IARC, hukumar binciken sankara ta duniya. Ba a buɗe garinsa a fili. A sayi narkakke, a yi aiki cikin akwatin zuƙe hayaƙi da safar hannu, a ajiye shi nesa da haske, a jiƙa duk abin da ya taɓa cikin ruwan bilic kafin wanki.

Ƙwarewar kuwa tana tafiya da kai ko'ina: binciken magani, ruwan sha, jinin marasa lafiya, duk tsari ɗaya ne.

## ICP-MS

Wannan duniya ce daban. Ba ƙwayoyin sinadari take aunawa ba, ainihin ƙarafa take ƙirgawa: dalma, kadmiyam, asenik, zaiba. Tarihin fannin ya san su sarai, daga zaibar Minamata da aka gano cutarta a Japan a 1956 zuwa kadmiyam na cutar itai-itai a lardin Toyama. Ana fesa narkakken samfuri cikin harshen wutar iskar agon mai zafin da ya haura digiri 6,000, komai ya tarwatse ya koma ayon.

Koyon sarrafa ta ba wuya. Wuyar tana wajen tsabta. Ana auna kusan rabin giram na samfuri, a zuba mililita 5 zuwa 8 na asid na naitirik mai tsabta da mililita 1 ko 2 na haidirojin feroksaid, a bar shi ya ɗan huce a buɗe, a rufe a dafa a injin maikirowef har kusan digiri 200, a bari ya yi sanyi sarai kafin a buɗe. Dalma tana cikin ƙura, tana jikin gilashi, tana cikin asid mai araha. Saboda haka ana aiki da kwalaben roba da aka jiƙa cikin asid, da ruwa mai matuƙar tsabta, wanda ya kai megohm 18.2, kuma samfurin fanko, wato wanda ya bi duk matakan babu abinci a ciki, shi ne alƙalin aikinka. Ɗalibi yakan yi makonni kafin fankonsa ya sauko.

Sai shisshigin ayon masu nauyi ɗaya. Agon-40 yana haɗuwa da kulorin-35 su ba da 75, daidai nauyin asenik, don haka abinci mai gishiri yakan nuna asenik da babu shi. Molibdinam da oksijin suna hawa kan kadmiyam-111. Maganin shi ne ɗakin karo na hiliyam da yake rage waɗannan haɗaɗɗun ayon. Zaiba tana maƙalewa a bututai ta fito a samfurin gaba, shi ya sa ake ɗiga zinariya kaɗan a ruwan wanki. Ana kuma zuba rodiyam ko indiyam ko bismat a kowane samfuri don lura da zamewar sigina. Wani tarko na fassara: jimillar asenik ba ita ce guba ba. Yawancin asenik na kifin teku asenobetain ne, wanda kusan ba ya cutarwa, kuma iyakar hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex, ta 0.2 mg/kg a gogaggiyar shinkafa ta shafi asenik mara kabon ne kawai. Raba su yana buƙatar a haɗa HPLC, na'urar rarrabe sinadarai cikin ruwa, a gaban na'urar.

Agon ne yake cinye kuɗi. Tana shan lita 15 zuwa 20 a minti, ma'ana tukunyar lita 50 mai matsin bar 200 ba ta wuce aikin kusan awa goma. Shi ya sa ɗakuna da yawa suke tara samfura su kunna ta sau ɗaya a mako, kuma wannan yana rage sa'o'in ɗan koyo. Haɗarinta ga jiki ya fi na sauran: asid mai zafi cikin rufaffen mazubi mai matsi. Kada a taɓa zuba ragowar asid na naitirik a kwalbar sharar asitonaitiril ko metanol, domin kwalbar tana iya fashewa.

## HRMS

Manyan nau'o'in HRMS biyu, QTOF da Orbitrap (na biyun Alexander Makarov ne ya ƙirƙiro shi, ya kuma shiga kasuwa a 2005), suna auna nauyi har lamba huɗu bayan ɗigo, da kuskuren da bai wuce kashi 5 cikin miliyan ba. Ba sai ka faɗa musu abin da za su nema ba. Suna ɗaukar komai, kuma bayan shekara kana iya komawa tsohon fayil ka nemi sinadarin da ba ka san da shi ba a lokacin. Ga mai neman sabuwar guba ko sauye-sauyen da tsiro ko hanta suke yi wa tsohuwa, babu madadinsu.

Amma ba wurin farawa ba ne. Su ne mafi tsada, ba a cika barin ɗan koyo ya buɗe su ba, kuma QTOF yana son ɗaki mai zafi tsayayye da daidaitawa akai-akai. Allura ɗaya tana ba da dubban alamu, kuma manhaja za ta liƙa wa da yawansu suna. Nauyi daidai yana ba ka jerin sinadaran da suka haɗu, ba ya ba ka siffar ƙwayar. Saboda haka ne Emma Schymanski da abokan aikinta suka tsara matakan tabbaci biyar a 2014, inda mataki na 1 kaɗai, wanda aka gwada da ainihin sinadarin ma'auni, ake kira tabbatacce. Wanda bai sha wahalar danne sigina da samfurin fanko a matattara uku ba yakan cika kundinsa da sunayen da ba su wuce mataki na 3 ko 4 ba. Abin daɗi ɗaya: ɓangaren nazarin bayanai ana iya koyonsa ba tare da na'ura ba, da manhajojin kyauta irin su MZmine da MS-DIAL.

## A jere

| Ma'auni | GC-MS | LC-MS/MS | ICP-MS | HRMS |
|---|---|---|---|---|
| Abin da take gani | masu zama tururi: DDT, PAH, PCB | gubar funfuna, magungunan ƙwari da na dabbobi | dalma, kadmiyam, asenik, zaiba | sanannu da waɗanda ba a sani ba |
| Tsadar saye | mafi ƙasa | babba | matsakaiciya zuwa babba | mafi sama |
| Abin da yake cin kuɗi kullum | hiliyam, kolum | ruwan sinadarai, ma'aunai, naitirojin | agon, asid mai tsabta | kwangilar gyara, ma'ajiyar bayanai |
| Jure hannun ɗan koyo | sosai | daidai gwargwado | sosai, in an narkar da samfuri da kyau | kaɗan |
| Sauƙin koyo | mafi sauƙi | matsakaici | sarrafawa da sauƙi, tsabta da wuya | mafi wuya |
| Haɗari ga jiki | zafi, tukunyar gas | ma'aunai masu sa sankara | asid mai zafi da matsi | kamar na LC-MS/MS |
| Kuskuren da ya fi ɓoyuwa | rushewa a mashiga | danne sigina | gurɓata da shisshigi | suna na ƙarya |

## Kafin ka karɓi gurbi

Sunan na'ura a takardar talla ba ya nuna horo. Ka tambayi mutum nawa ne a kan na'ura ɗaya, kuma wa yake danna allura. Ka tambaya ko za a bar ka ka sauke zuƙewar iska, ka ciro tukunyar ayon ka wanke, ka mayar. Ka tambayi yaushe aka yi mata gyara na ƙarshe da kuma ko akwai batirin riƙe wuta, domin na'urar da ta kwanta wata biyu cikin ukunka ta gama da kai. Kwas ɗin kwana uku zuwa biyar na kamfanin da ya ƙera na'ura yana koyar da manhaja da kyau, kuma ya fi amfani bayan ka riga ka yi wata guda a benci, ba kafin nan ba.

Ma'aunin da ba ya ruɗi shi ne ko za ka tabbatar da ingancin hanya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe da kanka. Misali: samfurin giram 10 mara guba, ka ɗiga masa maikirolita 100 na ma'auni mai maikirogiram 1 a kowace mililita, ya zama 0.01 mg/kg. Ka yi haka sau biyar, ka sake sau biyar a matakin da ya ninka goma. Ƙa'idar SANTE/11312/2021 ta Tarayyar Turai tana neman abin da ya dawo ya faɗa tsakanin kashi 70 da 120 cikin 100, saɓanin maimaici bai wuce kashi 20 ba, rabon ɓaraguzan biyu bai kauce wa na ma'auni da fiye da kashi 30 ba, lokacin fitowa kuma cikin minti 0.1. In ɗakin yana bin ISO/IEC 17025 kuma yana shiga gwajin ƙwarewa irin na Fapas, inda ake son makin z ya tsaya tsakanin -2 da +2, ka nemi a ba ka ragowar samfurin gwajin ka auna ba tare da an faɗa maka amsa ba.

## Wa ya dace da wace

Wanda bincikensa ya shafi aflatoksin, fumonisin, okiratoksin ko ragowar magunguna, LC-MS/MS ce, kuma ya nemi wata shida in zai samu. Iyakar Turai ta maikirogiram 2 a kilo ga aflatoksin B1 a gyaɗar ci, da 0.05 ga M1 a madara, ba sa barin wurin kuskure, kuma watannin farko a benci za su tafi.

Wanda bai riga ya tsayar da batun bincike ba, kuma burinsa aiki a ɗakin sa ido kan abinci, shi ma LC-MS/MS, sannan ya ƙara mako biyu ko uku a GC domin aikin magungunan ƙwari yana buƙatar dukkansu, daga ruwan QuEChERS guda.

Wanda lokacinsa bai wuce mako shida ko takwas ba, ko yake son ya san cikin na'ura da sukurunta, GC-MS za ta ba shi sa'o'in hannu fiye da kowace. Haka wanda yake aiki kan ƙyafaffen abinci ko tsofaffin magunguna masu kulorin.

Mai bincike kan abincin da aka noma kusa da ma'adinai, ko aka yi wa ban-ruwa da gurɓataccen ruwa, ko shinkafa da kifi, ICP-MS ce tasa. Ya tabbatar akwai injin narkarwa mai aiki da tabbataccen samfurin gwaji irin garin shinkafar NIST mai lamba 1568b, kuma ya tambayi ranakun da ake kunna wuta.

HRMS ta dace da ɗalibin digiri na uku wanda ya riga ya yi shekara a matattara uku, tambayarsa kuma ita ce mene ne a cikin wannan samfuri, ba nawa ne a ciki ba. In jami'arsa ba ta da ita, yana iya shirya samfuransa da fankonsu a ɗakinsa, ya aika wata cibiya ta yi allura, a turo masa ɗanyen fayil ya yi nazarin da kansa.